Wa Zai Amsa Tambayar Ɗan Kasuwa?

In ma'aikatan ɗakunan karatu na Afirka za su sake zama a taron ƙungiyarsu ta AfLIA, muna roƙon wakilan Chadi su gabatar da batun fatake.

Mai tsallako gadar Ngueli da kaya daga Kusuri, abin da aka yanka masa shi yake biya, domin dokokin kwastan na CEMAC galibi da Faransanci ake samunsu. Alhali ɗakin karatun CEFOD da ke Njamena ya daɗe yana tattara dokokin ƙasar. A tattauna yadda za a ajiye ma'aikaci mai jin Hausa da Larabcin Chadi, ya riƙa buɗe littafi yana faɗa wa ɗan kasuwa ainihin kuɗin fiton buhunsa, ko da ta waya ce.