Mai Riƙe Da Agogo A Ɗakin Gwaji

Wanda ya bar birnin Gombe ya kama hanyar Yola, zai iske Kaltungo, garin da asibitinsa ya yi suna wajen jinyar waɗanda maciji ya sara. A can ne aka gwada magunguna iri biyu na dafin kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, a jikin majinyata 400. An haɗo ɗaya a ƙasar Kosta Rika, ɗayan kuwa a Birtaniya, aka bayyana sakamakon cikin 2010. Sunayen manyan likitoci ne a kan takardar, irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero da Farfesa David Warrell, kuma lalle sun cancanta. Amma fa irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da wani ma'aikaci da ba kasafai ake jin sunansa ba, watau mataimakin masu bincike.

To, mene ne aikinsa? Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa. Hanyar ganewa kuwa, wadda aka yi aiki da ita tun zamanin da Warrell yake Zariya cikin shekarun 1970, ita ce a ɗebi jini kaɗan a zuba cikin sabuwar kwalba busasshiya, a ajiye ta ba a taɓawa har minti 20, sa'an nan a karkata ta. In jinin ya malalo kamar ruwa, dafi na nan yana ɓarna. Tilas kwalbar ta zama ta gilashi, domin ta roba ko wadda aka wanke da sabulu takan ruɗi mai dubawa. Bayan an yi allurar magani da awa 6 sai a sake gwadawa, ko da lokacin ya faɗa ƙarfe uku na dare. Mai ɗibar jinin, mai duban agogo, mai rubuta lokacin a takarda, su ne waɗannan mataimaka tare da ma'aikatan jinya.

Daga rubutunsu aka san cewa maganin Kosta Rika ya gyara jinin kashi 83 cikin ɗari cikin awa shidan, na Birtaniya kuma kashi 76. Mai karatu ya duba kusancin lissafin nan. Da mutum ɗaya zai riƙa gyangyaɗi, da safe ya cika takarda da lokacin da ya ƙaga, sai lissafi ya karkace, hukuma ta sayo magani bisa ƙarya, abin ya ƙare a kan manomin Billiri ko makiyayin Balanga.

Har wa yau akwai nauyin da ya fi wannan, shi ne neman yardar majinyaci. Mutanen Arewa ba su manta da 1996 ba, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gombe, wadda kuma a cikinta kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tsoron da abin ya bari na daga cikin abubuwan da aka riƙa ambata sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003.

Saboda haka saurayi ko budurwar da ke neman wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko a Kaltungo, su san cewa takardar yarda ba sa hannu kaɗai take nema ba. Ƙa'idar bincike ta ƙasa ta ba majinyaci ikon ya ƙi shiga, ko ya fita a tsakiya, ba tare da an rage masa kulawa ba. Mataimaki ne zai faɗa masa haka da Hausa, ko Fulatanci, ko Tangale, ga mai shaida a gefe in bai iya karatu ba, kafin ya dangwala yatsa.