Kurket ɗin Awa Uku da Kokawar Minti Uku

 Na san wasunku za su yi mamakin ganin kalmar kurket a nan, inda aka saba karanta labaran soyayya da na zaman gidan miji, domin kuwa akasarinmu ba mu san wasan ba sai a fim ɗin Indiyan nan Lagaan na Aamir Khan wanda ya fito a 2001, inda talakawan ƙauye suka yi kwana uku suna karawa da Turawan mulki a kan sharaɗin in sun ci a yafe musu harajin shekara uku, in kuwa aka cinye su su biya ninki uku. To ku yi mini haƙuri ku biyo ni, don abin da ya sami wannan wasa a duniya shi ne nake gani yana samun kokawa da dambe a ƙasarmu ta Bagudo da ƙauyukan bakin iyakar Benin, sai dai su can sun farga suna ta muhawara a kai, mu kuwa ko a jikinmu.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya ne. Ana kafa 'yan sanduna uku, mai bugu ya tsaya a gabansu da faffaɗan katako yana kare su, mai jifa kuma ya wurgo ƙwallo yana neman ya tuge su. In ƙwallon ta taɓa sandunan, ko mai bugu ya ɗaga ta sama aka cafe kafin ta faɗi ƙasa, to ya fita, kuma ba zai dawo ba sai wani zagayen. Wasan asali, wanda ake kira Test, an fara shi tsakanin ƙasashe tun 1877, kuma a yau kwana biyar ake ba shi. A 2003 sai hukumar wasan ta Ingila ta ga 'yan kallo sun ƙaurace wa filaye, ta fito da wani gajeren salo da ake kira T20, wanda kowane ɓangare jifa 120 kawai zai fuskanta, a yi a gama cikin kamar awa uku. Indiya ta karɓe shi hannu bibbiyu, ta kafa gasar IPL a 2008, kuɗi suka yi ta kwarara har ta kai a 2022 an sayar da izinin nuna gasar na shekara biyar a kan sama da dala biliyan shida.

Abin lura a nan shi ne, gajarta lokacin ya juya lissafin wasan gaba ɗaya. A wasan kwana biyar jifa ba ta ƙarewa da wuri, abin da ke da tsada shi ne ran mai bugu, wato kada a fitar da shi. Saboda haka babban gwani shi ne wanda ya iya tarewa, ya san ƙwallon da zai buga da wadda zai ƙyale ta wuce, ya gajiyar da mai jifa har rana ta yi masa zafi hannunsa ya yi sanyi, sannan ya fara cin maki. A 1958 wani ɗan Pakistan mai suna Hanif Mohammad ya yi minti 970, fiye da awa goma sha shida ke nan, yana tsaye a gaban sandunansa a tsibirin Barbados, ya ci maki 337, ya hana a cinye ƙasarsa. A gajeren wasa kuwa jifar ce ke da tsada, ran mai bugu ya yi araha, don ko an fitar da kai akwai wasu a bayanka kuma sau da yawa lokaci ba ya isa a fitar da kowa. Wanda ya tsaya tarewa a nan ɓata wa ƙungiyarsa lokaci yake yi. Chris Gayle ɗan Jamaika ya ci maki 175 a jifa 66 kacal a gasar IPL ta 2013, kuma irinsa yaran yanzu ke son zama.

Sakamakon ya fito fili. Ƙungiyar West Indies, wadda daga 1980 zuwa 1995 babu ƙasar da ta doke ta a jerin wasannin Test, a watan Yulin 2025 Ostareliya ta fitar da 'yan wasanta duka a kan maki 27 a birnin Kingston, a gaban mutanensu. Dalilan faɗuwarsu suna da yawa, har da rigimar shugabanci da ƙarancin kuɗi, to amma ba wanda zai musa cewa zaratan 'yan wasansu sun fi son yawon gasannin T20, har ɗaya daga cikinsu, Nicholas Pooran, ya daina buga wa yankinsa wasa a 2025 yana ɗan shekara 29. Afirka ta Kudu ma a farkon 2024 ta ajiye manyan 'yan wasanta a gida don gasar T20 ɗinta, ta tura sabbin hannu zuwa New Zealand aka lallasa su sau biyu.

To mu dawo gida. Duk wanda ya tashi a yankin Illo, Lolo, Tsamiya ko Kaoje ya san cewa in an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, lokacin kokawa ya yi. Iyakar da Turawa suka shata ba ta taɓa hana 'yan kokawa tsallakowa ba. Dandawa da Zabarmawa daga wajen Malanbil da Gaya, da mutanen wajen Segbana, wasu a jirgin ruwa ta kogin Kwara wasu a ƙasa, su zo su kwana biyu ko uku a gari, a ba su masauki da abinci. A wancan lokacin ba a sa wa kokawa agogo. Gwanaye biyu za su shiga fili su sunkuya, kowa ya ɗebi ƙasa ya murza a hannu, su yi ta zagaya juna ana kiɗa ana kirari, wannan ya miƙa hannu wancan ya kaɗe, har baƙon da bai san abin ba ya ce wasa suke yi. Alhali kuwa a nan kokawar take. A wannan zagayen ne mutum ke gane ƙafar da abokin karawarsa ya fi dogara da ita, da yadda numfashinsa ke fita, da ko mai saurin fushi ne. Tsofaffin gwanaye sun san yadda za su kafa ƙafa a ƙasa kamar turke, da yadda za su kwance kamun ƙugu, da yadda za su goce wa taɗiya su bar mutum nauyinsa ya kayar da shi. Na sha ganin siririn mutum ya kayar da ƙato, ba don ya fi shi ƙarfi ba sai don ya fi shi jira.

Yanzu fa? Shekarun baya kaɗan na halarci wata gasa da wani mai neman kujera ya ɗauki nauyi a wani gari da ba zan ambata ba. An sa babur da buhunan shinkafa a matsayin kyauta, an tara 'yan kokawa sun fi talatin, kuma dole a gama kafin babban baƙo ya tashi. Sai aka ce kowace karawa minti uku, in ba a yi kaye ba alƙali ya duba wanda ya fi kai hari ya ba shi. Wallahi abin da na gani ture-ture ne. Yara majiya ƙarfi suna rugawa da ka kamar raguna, wanda ya fi nauyi ya danne. Wani dattijo da ya yi zamaninsa yana zaune kusa da ni, sai girgiza kai yake yi, ya ce mini a cikin waɗanda suka shiga fili ranar bai ga mutum uku da suka iya tsayuwa ba. Kuma ban ga laifin yaran ba, tunda an gaya musu wanda ya tsaya karatun abokin karawa ya rasa babur.

Wayar hannu ta zo ta ƙarasa aikin. Abin da ake ɗauka a tura a WhatsApp da TikTok shi ne kayen kawai, daƙiƙa ashirin ko talatin, mutum ya tashi sama ya faɗo ƙura ta turnuƙe. Minti goman da gwani ya yi yana haƙa wa abokinsa rami ba wanda ke ɗauka, in ma an ɗauka yankewa ake yi. Yaron da ke koyon kokawa daga waya ƙarshen dabara yake gani, bai ga farkonta ba.

Dambe ma haka. A al'adance turmi uku ake yi, kuma turmi ba shi da ƙayyadadden lokaci, sai an yi kisa ko an raba. Hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa, kuma duk wanda ya ji tsofaffi suna labarin Shago da Ɗandunawa, waɗanda Ɗan Anace ya sa sunansu ya zagaya ƙasar Hausa, ya san aikin garkuwa bai gaza na mashi ba. Daga 2017 da aka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube, sannan kamfanin African Warriors ya biyo baya, dambe ya samu 'yan kallo har a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Guramada ko Jamus ba. An shigo da awon nauyi da lokaci da likita a gefen fili, kuma wannan na ƙarshe duk mai hankali zai yi maraba da shi. Sai dai mai kallo a waya kisa yake nema, ɗan damben da ke son sunansa ya fita kuwa ya san haka.

Kada a ɗauka ina cewa gajeren wasa sharri ne zalla. T20 ya ƙara buɗe wa Nijeriya ƙofar wannan wasa a duniya, duk da cewa tun 1904 aka kara tsakanin Legas da Gold Coast, wato Ghana ta yanzu, kuma ɗaliban Kwalejin Katsina na farko sun buga shi. Ƙasar da ba ta da kuɗin ciyar da 'yan wasa kwana biyar tana iya ɗaukar awa uku. Ta wannan hanya ce 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da maki biyu a gasar duniya a Malesiya a watan Janairun 2025, kuma salon T20 ɗin ne za a buga a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028. Ya kuma haifar da nasa gwanintar, musamman wajen cafe ƙwallo da sabbin salon bugu. Haka nan ɗan kokawar da ya ci babur ya samu jari, kuma ba ni da bakin da zan ce masa ya zauna da yunwa don a raya al'ada.

Bugu da ƙari, lokacin ma kansa ya yi ƙaranci. Tun da noman rani na shinkafa ya bunƙasa a jihar Kebbi, musamman bayan shirin bashin manoma da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, saurayin da a da yake hutawa bayan kaka yanzu yana fadama da injin ban ruwa. Ga kuma matsalar tsaro, tun da Lakurawa suka addabi sassan jihar daga 2024 mutane ba sa son taron da zai kai dare. Wanda ya ce a dawo da kokawar kwana uku a kowane ƙauye bai san halin da ake ciki ba.

Abin da nake jayayya a kai shi ne gajeren ya zama shi ne makaranta. Masu kurket sun gane haka, shi ya sa ba su yar da dogon wasan ba. Sun kafa masa gasar duniya tun 2019, Indiya da ta fi kowa cin moriyar T20 ta ƙara wa masu buga Test kuɗi a 2024, kuma Afirka ta Kudun nan da ta wulakanta shi ita ce ta ɗauki kofinsa a Landan a watan Yunin 2025 ƙarƙashin Temba Bavuma, 'yan ƙasar suka yi ta murna kamar ba su ba. Maƙwabtanmu na Nijar ma, da suka fara gasar takobi a Tawa a 1975 lokacin da Kantu na Maraɗi ya zama sarki, har gobe sun riƙe kiɗan da kirarin da 'yan cali-cali, kuma duk wanda ya kalli Isaka Isaka na Doso ya san ba gaggawa ce ta ba shi takobi sau da yawa ba. Doso ɗin nan fa ba nisa gare ta da mu ba, daga Kamba ka tsallaka Gaya ka shiga jiharta. A gasar kokawa ta ECOWAS da aka yi a Abuja a watan Maris na 2025 Senegal ce ta zo ta ɗaya, Nijeriya ta biyu, Benin ta uku, kuma wanda zai je irin wannan fili ya tsaya gaban ɗan Senegal sai ya iya kare kansa tukuna.

Don haka kirana ga hakimanmu da sarakunan samari na ƙasar Bagudo shi ne, ko sau ɗaya a shekara, da rana tsaka bayan an kai amfanin gona gida, a ware fili guda da ba agogo, a rage yawan masu karawa zuwa takwas ko goma, a gayyato na Malanbil da Segbana kamar da, kuma a ajiye wata kyauta ta musamman ga wanda aka kasa kayarwa. Tsofaffin gwanayen da suka rage a garuruwanmu a zaunar da su a gaban fili su yi alƙalanci, a ba su ɗan abin goro su koya wa yara tsayuwa da kwance kamu tun suna da ƙarfin nunawa da jikinsu. Ku kuma samari masu waya, in kun je kallo ku ɗauki karawar tun daga sunkuyawa har kaye, ku turo ta haka ba yanka, ko da za ta cinye muku data.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗora daga inda labarinmu ya tsaya. Wassalam.