Mai aro da mai kaya

Ma'aikata da yawa na aiki da LibreOffice a biro, amma kaɗan ne suka san asalinta. A shekarar 2010, bayan kamfanin Oracle na Amurka ya sayi kamfanin Sun, mai manhajar OpenOffice, wasu daga cikin masu ƙera ta suka ɗauki kwafi suka ɓalle, suka raɗa wa reshensu sabon suna. Lasisin LGPL ya yarje masu su kwafa, su gyara, su rarraba. Bai ba su ikon sake lasisin kansa ba, domin haƙƙin mallakar tushen yana hannun Oracle.

A 2011 Oracle ta miƙa OpenOffice ga gidauniyar Apache, aka sake ta da lasisi mai sassauci. Sai a sannan masu LibreOffice suka ɗora aikinsu bisa wannan tushe, suka nemi yardar waɗanda suka taimaka da rubutu, kana suka koma lasisin MPL. Abin mamaki, daga nan reshe ya sami damar ɗiba daga uwa, ita kuwa uwa ba ta iya ɗiba daga reshe sai da izinin marubuta.

Saboda haka ɗan kasuwan da ya gyara manhajar kyauta yana son sayarwa, da ma'aikatar da za ta saya, su karanta lasisi tun kafin ciniki. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.