Gudun Ratsa Daji: Abin Da Karɓar Baƙuncin Gasa Ya Nuna Wa Ireland

Ireland na cikin ƙasashe huɗu da suka fara gasar gudun ratsa daji ta ƙasa da ƙasa a Scotland a shekarar 1903, tare da Ingila da Wales da mai masaukin baƙi. Wannan tsere ne da ake yi a fili, cikin ciyawa da taɓo da hawa da gangara, kuma galibi lokacin sanyi. A 1931 ɗan ƙasar Tim Smythe ya lashe gasar a filin sukuwar Baldoyle da ke Dublin.

Ranar da mutanen Ireland ba sa mantawa ita ce ta Limerick a 1979. John Treacy, wanda ya ci kambun duniya a Glasgow shekara guda kafin nan, ya sake cin sa a gaban jama'arsa, cikin caɓin da ruwan sama ya bari a filin sukuwar Greenpark. Tawagar maza kuma ta zo ta biyu.

Sai dai bayan shekara biyu kacal, Habasha da Kenya suka shigo gasar manya a Madrid, lissafi ya canza. Tun daga 1986 har 2003 babu ƙasar da ta karɓe kambun tawagar maza daga hannun Kenya. Matan Ireland ne suka riƙe tutar: Catherina McKiernan ta ci azurfa sau huɗu a jere daga 1992 zuwa 1995, Sonia O'Sullivan kuma ta haɗa zinare biyu, na dogon zango da na gajere, a Marrakesh ta Maroko a 1998.

Da ƙyar ma gasar ta dawo Dublin. An tsara yin ta can a 2001, amma cutar baki da kofato da ta ɓarke cikin dabbobi ta sa aka mayar da ita Ostend ta Beljiyam. Da aka yi ta a Leopardstown a 2002, matashin Habasha Kenenisa Bekele ne ya kwashe zinaren tseren maza biyu, yayin da matan gida suka samu tagulla a gajeren zango. Tun daga lokacin gasar duniya ba ta sake komawa tsibirin ba.

Ireland ta karkata ga gasar Turai, wadda McKiernan ce ta fara lashe ta a 1994, Fionnuala Britton kuma ta ci a 2011 da 2012. Dublin ta karɓi baƙuncinta a Santry a 2009, sannan a Abbotstown a Disamban 2021, bayan annobar korona ta ɗage ta da shekara guda.

Za a iya kallon wannan a matsayin ja da baya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin zinaren Turai bai kai darajar na duniya ba. Amma ga ƙasa mai mutum miliyan biyar da ɗoriya, ɗawainiyar gasa tana biyan kanta ne idan yara 'yan makaranta suka ga nasu a kan dandamalin karɓar lamba. Hakan ya faru a Abbotstown, inda tawagar samari 'yan ƙasa da shekara 23 ta ci zinare, Darragh McElhinney kuma ya zo na biyu.