Sharhi: Rai Amana Ne, Ko a Tsakiyar Teku

 Yau teku za mu leƙa, domin duba wata matsala da ta daɗe tana ci wa iyalai da yawa tuwo a ƙwarya. Mutum ya shiga jirgin ruwa na yawon shaƙatawa da ƙafafunsa, lafiyarsa lau, jirgi ya gama zagaye ya dawo tasha, kowa ya sauka, shi kuwa ko sama ko ƙasa. Yaya hakan ke faruwa a zamanin kwamfuta da kyamara? Kuma alhakin a wuyan wa yake?

Da farko mu san girman abin da ake magana a kai. Jirgin da ake kira Icon of the Seas, mallakar kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara jigila daga Miami a watan Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana da hawa 20, yana ɗaukar fasinjoji har 7,600 da ma'aikata 2,350. Kusan mutum dubu goma ke nan a kan ruwa, da kantuna, da wuraren cin abinci, da ɗakin shan magani. A shekarar 2023 kaɗai, sama da mutum miliyan 30 ne suka yi irin wannan tafiya a faɗin duniya.

To, yaya ake sanin wanda ke ciki? Ranar shiga, ana duba fasfo ɗinka, a ɗauki hotonka, a ba ka kati. Katin nan shi ne makullin ɗakinka, shi ne jakar kuɗinka, shi ne shaidarka. A bakin ƙofar jirgi akwai jami'in tsaro tsaye gaban kwamfuta. Ka miƙa kati, na'ura ta yi ƙara, hotonka ya fito a allo, jami'in ya ɗaga kai ya dubi fuskarka, ya sake duban allon, sannan ya yi maka nuni ka wuce. Duk tashar da aka yada zango haka ake yi, fita da kati, dawowa da kati. Idan lokacin tashi ya yi, kwamfuta ta nuna akwai wanda bai dawo ba, sai a kira sunansa ta lasifika, a leƙa ɗakinsa. In ba a same shi ba, akan ɗauko fasfo ɗinsa a damƙa wa wakilin kamfani da ke tashar, jirgi ya kama hanya. Wasu kamfanoni ma sun wuce nan. Tun 2017 kamfanin Princess Cruises ya fito da wata 'yar na'ura da fasinja ke ratayawa a wuya ko ɗaurawa a hannu, wadda ke nuna ɓangaren jirgin da yake.

Wannan ƙidaya doka ce ta tilasta ta. Yarjejeniyar kare rayuka a teku da ake kira SOLAS, wadda ta samo asali daga nutsewar jirgin Titanic a 1912, ta wajabta ƙirga duk wanda ke cikin jirgin fasinja kafin ya tashi, a rubuta sunaye, a kuma ajiye bayanan a tudu saboda masu aikin ceto. Bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, an ƙara ɗaure dokar. A daren nan akwai ɗaruruwan fasinjoji da suka shiga jirgin a ranar, ba a kai ga nuna musu inda za su taru in hatsari ya auku ba, domin tsohuwar ƙa'ida ta ba da sararin awa 24. Daga 2015, dole a yi wannan atisaye kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa.

Duk wannan abin a yaba ne. Amma masu sauraro, ga inda gizo ke saƙa. Kati a bakin ƙofa kawai yake magana. Ya san wanda ya shiga ta ƙofa da wanda ya fita ta ƙofa. Wanda ya faɗa ruwa daga baranda da ƙarfe uku na dare, a lissafin kwamfuta har yanzu yana cikin jirgi. Za a iya kwana a wuni ana tafiya, sunansa na nan cikin jerin masu rai da lafiya, sai in wani ɗan'uwa ko abokin tafiya ya ɗaga murya.

A watan Nuwamban 2022, wani matashi ɗan shekara 28 yana cikin jirgin Carnival Valor da ya tashi daga New Orleans zuwa Meziko. Ganin ƙarshe da 'yar'uwarsa ta yi masa wajen ƙarfe 11 ne na dare. Ba a kai rahoton ɓatansa ba sai washegari da tsakar rana. Dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka suka bazama nema, Allah ya yi da sauran kwana a gaba, aka tsamo shi da rai bayan ƙarfe takwas na dare. Irin waɗannan jirage kan yi gudun kusan kilomita 37 a awa guda. Idan aka yi awa goma ba a farga ba, an bar mutum a baya da tazarar kilomita 370, ga igiyar ruwa na jansa, ga sanyi, ga duhu. Ƙididdigar da aka yi wa ƙungiyar kamfanonin jiragen shaƙatawa ta duniya ta nuna cewa tsakanin 2009 da 2019 an samu faɗawa ruwa sau 212, mutum 48 kaɗai aka ceto. A wannan lamari, minti ɗaya na da tsada.

Sai dai gazawar na'ura ba ta kai gazawar ɗan Adam ciwo ba. A watan Agustan 2004, wata mata mai suna Merrian Carver, 'yar shekara 40, ta shiga jirgin Mercury na kamfanin Celebrity Cruises zuwa Alaska, ita kaɗai. Bayan kwana na biyu ba a sake ganinta ba. Ma'aikacin da ke gyara mata ɗaki ya lura gadonta ba a kwana a kai ba, kayanta suna nan yadda ta bar su. Ya gaya wa shugabansa. Washegari ya sake gaya masa. Haka ya yi ta yi har tafiya ta ƙare, amsar da yake samu ita ce ya ci gaba da aikinsa. Jirgi ya isa tasha, aka kwashe kayanta, aka bayar da mafi yawansu sadaka, ba a sanar da iyalinta ba. Sai da 'yan sanda suka bi sawun katin bankinta kafin mahaifinta, Kendall Carver, ya san ma ta shiga jirgi. A nan ido ya gani, baki ya faɗa, kunnen da ya kamata ya ji ne ya toshe. Mahaifin nan bai zauna da baƙin cikinsa a ɗaki ba. A 2006 shi da wasu iyalai suka kafa ƙungiyar International Cruise Victims, suka yi ta sintiri a Majalisar Dokokin Amurka.

Kafin Merrian akwai Amy Bradley, 'yar shekara 23 daga jihar Virginia, wadda ta ɓace da asubahin 24 ga Maris, 1998 daga jirgin Rhapsody of the Seas, yana dab da isa tsibirin Curaçao. Makullin ɗakinta ya rubuta lokacin da ta shiga cikin dare, amma bai rubuta fitarta ba. Iyayenta sun sha bayyana cewa sun roƙi ma'aikata kada a bari kowa ya sauka sai an bincike jirgin, amma aka buɗe ƙofa, jama'a suka fice. Shekaru sama da ashirin da biyar ke nan, hukumar FBI ta Amurka na cigiya, ba a ga gawa ba, ba a ga mai rai ba.

Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne. A watan Oktoban 2025, jirgin Coral Adventurer ya yada zango a tsibirin Lizard na ƙasar Ostireliya. Wata dattijuwa mai shekara 80 ta bi ayarin masu hawan dutse, ta gaji, ta juyo ita kaɗai. Jirgi ya tashi ya bar ta, ba a farga ba sai bayan sa'o'i. Washegari gawarta aka tarar a tsibirin. Jirgin nan ɗaukarsa ba ta wuce fasinja 120 ba. Ko kwandastan mota, in aka tsaya salla a hanya, yakan leƙa ya tambaya ko kowa ya ga na kusa da shi kafin ya buga wa direba ƙofa.

Idan kuma abin ya faru, wa zai yi bincike? A dokar teku ta duniya, da zarar jirgi ya yi nisa ya shiga ruwan da ba na kowa ba, hukunci na hannun ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta. Galibin manyan jiragen nan kuwa, ko da hedkwatar kamfanin tana Amurka, rajistarsu a Bahamas take, ko Panama, ko Malta, ko Bermuda, saboda sauƙin haraji da na dokokin ƙwadago. A watan Maris na 2011, wata 'yar Birtaniya mai suna Rebecca Coriam, ma'aikaciya a jirgin Disney Wonder, ta ɓace a teku kusa da gaɓar Meziko. Tutar jirgin ta Bahamas ce, don haka ɗan sanda guda ɗaya aka turo daga can, bayan kwanaki, ya binciki jirgi mai ɗauke da dubban mutane. Kafin wani lokaci jirgin ya kwashi sababbin fasinjoji ya koma teku. Shaidu sun watse, kowa ya kama gabansa.

Fafutukar iyalai ta yi rana. A watan Yulin 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar tsaron jiragen shaƙatawa. Dokar ta ce ƙarfen kariya na gefen jirgi kada ya gaza inci 42 a tsayi, a sa kyamarori, a kuma sanar da FBI idan Ba'amurke ya ɓace. Ta kuma buƙaci a sa na'urar da za ta ɗauki hoton wanda ya faɗa ruwa ko ta gano faɗuwarsa, gwargwadon samuwar fasahar. Ta wannan kafa kamfanoni da yawa suka sulale. Suka tsaya a kyamarar da ke naɗar hoto kawai, wadda sai an nemi mutum an rasa sannan a zauna a yi ta komawa baya ana dubawa. Alhali fasahar ta samu. Akwai na'urori masu gane ɗumin jikin mutum da motsinsa, waɗanda ke buga ƙararrawa a ɗakin matuƙa cikin daƙiƙoƙi. Kamfanin MSC ya sanar da sanya irin wannan a jirginsa Meraviglia tun 2017, kuma a 2020 hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta fitar da ƙa'idar yadda ya kamata su yi aiki. Amfanin saurin fargaba kuwa an gan shi a watan Yunin 2025, lokacin da wata yarinya ta faɗa teku daga jirgin Disney Dream, mahaifinta ya bi ta. Aka yi shela nan take, aka sauke kwale-kwalen ceto, aka tsamo su duka biyu da rai cikin ɗan lokaci.

Adalci ne mu faɗi hujjar kamfanonin. Sun ce masu faɗawa ruwa 'yan ƙalilan ne idan aka kwatanta da miliyoyin da ke tafiya lafiya, kuma da yawa ganganci ne ya ja musu, ko maye, ko hawa ƙarfen kariya, wasu kuma da kansu suka zaɓi halaka. Akwai gaskiya a ciki. Amma dalilin faɗuwar mutum ba ya sauke wa kyaftin nauyin cetonsa. Giyar da ta bugar da shi ma a cikin jirgin aka sayar masa, aka kuma rubuta kuɗinta a katinsa ba tare da kuskuren sisi ba. Wanda ya iya ƙirga kuɗi da wannan ƙwarewa ba shi da uzurin kasa ƙirga rai. Iyalin wanda ya ɓace kuma suna cikin ukubar da ta fi ta mai makoki: babu jana'iza, babu kabarin ziyara, gado a rataye, aure a rataye. Ba banza ba malaman fiƙihu suka ware wa wanda ya ɓata hukunce-hukunce na musamman.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Jirgin Joola na Senegal da ya kife a watan Satumban 2002 ya ci rayuka sama da 1,800, ninkin-ba-ninkin adadin mutanen da aka ƙayyade masa ya ɗauka. Mu ma a kogunanmu, daga hatsarin Warrah a jihar Kebbi a 2021 zuwa na Patigi a jihar Kwara a 2023, duk lokacin da jirgi ya kife sai ka ji alƙaluma na karo da juna, domin ba a rubuta sunan kowa ba a bakin gaɓa. Littafi da biro sun isa fara wannan aiki.

Saboda haka muna kira ga hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ta mayar da na'urar gano faɗuwa wajibi a kan kowane babban jirgin fasinja. A wajabta sanar da iyali da hukuma cikin sa'o'i idan an rasa mutum. A bai wa ƙasar wanda ya ɓace cikakken hurumin shiga bincike, kowace irin tuta jirgin ke ɗauke da ita. A kuma kare ƙaramin ma'aikacin da ya kai rahoto, a hukunta babban da ya danne shi. Mai niyyar tafiya kuma, in ya nemi abokinsa ya rasa, ya sanar nan take, kada ya jira gari ya waye. Duk wanda ya ɗauki mutane a jirginsa ya ɗauki amana, kuma ba a sauke ta sai an mayar da kowa tudu, ko a gaya wa iyalinsa gaskiyar abin da ya faru.

Nan muka kawo ƙarshen sharhinmu na yau. Allah ya kiyaye matafiya a ruwa da tudu, ya bayyana waɗanda suka ɓata, ya ba iyalansu haƙuri.