Ɗan Kasuwar Da Ke Ilimantar Da Mai Saye Shi Ke Samun Amana

Babu abin da ya yi ƙaranci a kasuwannin Nijeriya kamar yarda. Kaya suna nan jibge, masu talla kuma ba sa gajiya, amma mai saye yakan shiga kanti ne yana ɗari-ɗari, yana tsammanin za a cuce shi, ko dai a farashi ko kuwa a ingancin abin da zai saya. Wannan zato kuwa yana da tushe. A shekarar 1994 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 18 domin hukunta waɗanda suka durƙusar da bankuna, kuma a watan Janairu na 1998 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin bankuna 26 a lokaci guda. A watan Disamba na 2016 shirin nan na MMM ya riƙe kuɗin jama'a, sannan a watan Afrilu na 2025 CBEX ya sake jefa dubban mutane cikin irin wannan asara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A cikin irin wannan yanayi, yabon kai ba ya sayar da kaya yadda ya kamata, domin kowane mayaudari ya iya shi. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce ɗan kasuwa ya riƙa ba abokan cinikinsa ilimin sana'arsa a rubuce, a kai a kai, ba tare da ya nemi ko kwabo ba. Mutumin da ya amfana da bayanin wani sau uku ko huɗu, ya kuma gwada ya ga gaskiya ne, ranar da ya tashi sayayya ba zai tsallake shi ya tafi wurin baƙo ba.

Wannan dabara ta daɗe. A shekarar 1895 kamfanin John Deere na Amurka, mai ƙera garma da sauran kayan noma, ya fara buga wata mujalla mai suna The Furrow domin manoma. Abin da ta fi mayar da hankali a kai shi ne yadda manomi zai gyara gonarsa ya ƙara samun amfani, kuma har yau ana buga ta. Haka nan a shekarar 1900 kamfanin tayoyi na Michelin a Faransa ya raba wani ɗan littafi kyauta ga masu mota, kimanin kwafi 35,000, a lokacin da motocin ƙasar baki ɗaya ba su kai 3,000 ba. Littafin ya ƙunshi taswira, da wuraren samun mai, da makanikai, da masaukai, da yadda ake canza taya. Daga 1926 ya fara ba gidajen abinci tauraro, har ta kai ga manyan masu dafa abinci na duniya suna jiran hukuncin wani kamfanin taya. Wannan daraja kuwa daga daidaiton bayani ta samo asali.

Fataken Hausawa da ke ciniki a kudancin ƙasar nan sun san wannan darasi tun kafin zuwan mujallu. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, cinikin shanu da na goro ya tsaya ne a kan maigida da dillalansa, kamar yadda masanin zamantakewa Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969. Falke yakan kawo shanu daga Arewa ya damƙa wa maigida, a sayar wa mahauta bashi, ba takarda ba sa hannu. Jarin maigida shi ne saninsa: ya san mahaucin da ke biya da wanda ke taurin bashi, ya san yadda kasuwa ta kwana, kuma yana faɗa wa baƙonsa gaskiya. Ranar da aka kama shi da ƙarya, fatake sukan kwashe su koma wani gida. Bambancin kawai shi ne, ɗan kasuwar yau yana hulɗa da mutanen da bai taɓa zama da su a zaure ba, saboda haka rubutu ne zai tsaya masa a madadin zaman.

Me ya kamata a rubuta? Amsoshin tambayoyin da masu saye ke yi kullum. Alal misali, mai sayar da takin zamani ya bayyana ma'anar lambobin 15-15-15 da ke jikin buhun NPK, da dalilin da ya sa ake bin masara da yuriya mai sinadarin naitirojin kashi 46 cikin ɗari bayan ta yi 'yan makonni. Dilan siminti ya fayyace bambancin mai lamba 32.5 da mai lamba 42.5, da aikin da kowannensu ya dace da shi. Mai kantin magani ya nuna yadda ake duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar da magani zai daina aiki. Takarda guda a wata, da Hausa mai sauƙi, ta isa a fara da ita.

Wasu za su ce ai wannan tona asirin kasuwa ne, domin ribar dillali tana cikin abin da mai saye bai sani ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan: wanda ya koya wa jama'a rarrabe kaya zai rasa damar sayar da maras kyau a farashin mai kyau, kuma abokan hamayyarsa za su karanta abin da ya rubuta. To amma ribar da aka gina a kan jahilcin mai saye tana ƙarewa ranar da idonsa ya buɗe, kuma idan ya buɗe a hannun wani, can zai koma. Bugu da ƙari, shari'ar Musulunci ta wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin hajarsa, ta kuma ba mai saye damar mayar da ita idan aka ɓoye masa.

Sai dai akwai sharuɗɗa, domin su ma 'yan damfara sun iya buga takardu masu sheƙi. Na farko, a rubuta abin da mai karatu zai iya tabbatarwa da kansa. Na biyu, a faɗi iyakar haja da inda ba ta dace ba, ko da hakan zai sa a rasa cinikin ranar. Na uku, a sa suna da adireshin da za a iya zuwa a yi ƙorafi. Na huɗu, a ɗore, domin wanda ya fito sau biyu ya ɓace ya nuna irin riƙonsa ga alkawari. Idan kuma farashi ko doka ta canza, a hanzarta gyara bayanin da ya tsufa.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Mile 12 a Legas, da na Bodija a Ibadan, da takwarorinsu na Onica da Fatakwal suna da rawar takawa a nan. Ƙaramin ɗan kasuwa ba lalle ne ya iya ɗaukar nauyin rubutu shi kaɗai ba, amma ƙungiya tana iya fitar da bayani kan ma'auni da inganci da farashi da sunan kasuwarta gaba ɗaya. Kuɗin da za a kashe ba zai kai asarar da zargi ke jawowa kowace rana ba. Ya rage ga shugabannin waɗannan ƙungiyoyi su sa wannan batu cikin ajandar taronsu na gaba.