Ɗalibanmu, Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

 Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in amayar da abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya.

Ranar Talata da hantsi na bi ta bayan wata makarantar sakandare a unguwarmu a nan Kano, sai na tarar da samari sun cika wata rumfar buga sinuka, duk suna sanye da yunifom, jakunkunan littattafai zube a ƙasa. Lokacin darasi ne fa. Na tambayi ɗaya daga cikinsu, ɗan aji biyar, me ya hana shi shiga aji. Ko kunyar furfurata bai ji ba, ya ce, "Baba, wahalar me za mu sha? Ai ranar jarrabawa ana turo amsa a waya." Sauran suka bushe da dariya.

Ana turo amsa a waya! Wallahi Edita wannan magana ta ci mini rai. Yaron da uwarsa ke tashi da asuba ta soya ƙosai don ta saya masa littafi, shi ne ke zaune yana jiran a turo masa amsa. To, a ce ka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a WAEC ko NECO ta wannan hanya, sai kuma me? JAMB na gabanka, daga kai sai kwamfuta. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a 2025, ɗalibai sama da miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 2 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Wanda kuma ya kutsa ya shiga kwalejin koyon aikin jinya da takardar da ba guminsa ba, wa zai yarda ya miƙa masa ɗansa ya yi masa allura?

'Ya'yana ɗalibai, da ku nake. Ku isa makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa, ku zauna har a tashi. Abin da malam ya rubuta a allo ku kwafe da hannunku. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu ya tambaya, dariyar 'yan aji ba ta kashe kowa. Bayan sallar magariba ku ajiye wayar nan, ku ba littafi ko da awa guda, ku riƙa gwada tambayoyin shekarun baya. Shi Lissafi sai an riƙe biro ana yi kullum, kallo ba ya sa a iya shi. TikTok da gardamar ƙwallon Ingila ba inda za su gudu.

Na san za ku ce ga masu digiri can suna tuƙa adaidaita sahu. Gaskiya ne, kuma abin da ciwo. Amma Sir Abubakar Tafawa Balewa da Malam Aminu Kano da alli suka fara, malaman makaranta ne, ilimin da suka sha wahalarsa ne ya sa ƙasar nan ta saurare su.

Mu iyaye kuma laifinmu ya fi yawa. Uban da bai taɓa buɗe littafin ɗansa ba duk zango, shi ne na farko wajen kai kuɗin da za a "taimaki" yaro a ɗakin jarrabawa. Wannan cuta ce, kuma Allah zai tambaye mu. Shugabanni su ma su ji tsoron Allah. A 2024 aka ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a jihar nan, muna fata ta kai ga kowane aji, a samu benci, a samu malamin Lissafi. Shugabannin makarantu su riƙa kiran suna bayan an dawo daga tara, duk yaron da ba a gani ba a aika wa ubansa a ranar. Masu unguwanni kuma su hana buɗe rumfunan wasa kusa da makarantu sai bayan an tashi.



Daga wani uba mai karanta jaridarku,
Kano.